Abin Da Ya Sa Mahautan Barunde Ke Gudun Wuƙa Mai Ƙyalli

A unguwar Barunde ta birnin Gombe, da Babbar Salla ta ƙarato sai 'yan tireda su baza fararen wuƙaƙe 'yan waje masu araha. Magidanta na ta saye, amma mahauta da masu tsire ba su ishe su kallo ba.

Dalili kuwa shi ne ƙarfensu yana da taushi. Ba ya tsatsa, wannan gaskiya ne, sai dai ba ya riƙe kaifi. Kafin a gama fiɗar rago ɗaya ya dakushe. Dakusasshiyar wuƙa a wuyan dabba azaba ce, abin da addini ya hana. Wajen fiɗa kuma sai an danna ta da ƙarfi, a huda fata, kuɗinta ya faɗi. Mai haƙora kamar zarto ma ba ta wasuwa a dutse, ga ƙotar roba da ke santsi in ta sha kitse.

Saboda haka mahauci ya gwammace ya je wajen maƙeri a ƙera masa daga tsohon sifirin na mota. Baƙa ce, sai ana shafa mata mai saboda tsatsa, amma da an goga ta a dutse kaifinta ya dawo.