Ƙarin garanti a kan kayan lantarki: kariya ce, ko cinikin biri a sama?

A Kance da Matamaye, da wuya a yau mutum ya shiga gidan ma'aikaci ko shagon ɗan kasuwa bai tarar da wayar salula, talabijin, fanka ko firigo ba. Kaya ne masu tsada, waɗanda sau da yawa sai an tara albashin watanni ko ribar kaka guda kafin a mallake su. Shi ya sa idan mai kanti a Yamai ko a Kano ya ce wa mai saye ya ƙara ƴan kuɗi a ba shi takardar da za ta tsare masa kayansa shekara biyu ko uku, maganar takan shiga kunne. To, wannan takarda da ake kira ƙarin garanti, ta cancanci kuɗinta kuwa ga mutumin wannan yanki?

Garanti iri uku ne

Kafin a yanke hukunci, ya kamata masu karatu su rarrabe abubuwa uku da bakin jama'a ya haɗe a ƙarƙashin suna guda.

Na farko shi ne wanda doka ta ɗora wa mai sayarwa, ko ya so ko ya ƙi. Kundin dokokin farar hula da muka gada daga Faransa, daga aya ta 1641, ya wajabta wa mai sayarwa ɗaukar nauyin ɓoyayyen aibin da ke hana kaya yin aikin da aka saye su dominsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin fikihun Malikiyya tun da daɗewa ya bai wa mai saye zaɓin mayar da hajar da aka ɓoye masa aibinta. A shekarar 2015 kuma Nijar ta kafa dokar da ta shimfiɗa manyan ƙa'idojin kare masu saye. Tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa kuwa, dokar OHADA ta harkokin ciniki ce ke aiki, wadda aka sabunta a 2010. Ta ce aibin da ke bayyane ranar karɓar kaya, sai a sanar da mai sayarwa cikin wata guda; ɓoyayyen aibi kuma, ana da shekara guda daga ranar da aka gano shi, ko ranar da ya kamata a ce an gano shi. Mai sarin kwalayen wayoyi ko talabijin ya riƙe waɗannan wa'adi biyu da kyau.

Na biyu shi ne garantin kamfanin da ya ƙera kayan. Yawanci shekara guda ne, kuma kuɗinsa yana cikin farashi, ba a biyan komai a kai. Wayoyin Tecno, Itel da Infinix da suka cika aljihun jama'armu, dukansu na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma reshensa mai suna Carlcare ne ke kula da gyaransu.

Na uku, wanda shi ne batunmu, shi ne ƙarin garanti. A gaskiya wani nau'in inshora ne, abin da muke kira asirans: ka biya yau, domin idan kayan sun lalace bayan garantin kamfani ya ƙare, a gyara maka ko a musanya. Manyan kantuna, masu ciniki ta intanet da kamfanoni irin su Apple ne ke sayar da shi. Ma'aikacin da ya je aiki Yamai, alhajin da ya biya ta Dubai, ko ɗan uwan da ke aiko da kaya daga Faransa, su ne suka fi cin karo da shi; amma da yake duk abin da ya sauka Kano ba ya daɗewa bai iso Matamaye ba, gara a san shi tun yanzu.

Lissafin mai kanti

Mu ɗauki misali, don lissafi kawai. Talabijin ta jika 100, wato faran 100.000 na sefa, aka ce a ƙara jika 15 don garantin ƙarin shekara biyu. Idan mutum 100 suka biya, mai kanti ya tara jika 1.500. Idan kowane gyara yana cin jika 30, to sai talabijin 50 daga cikin ɗarin sun lalace a cikin waɗannan shekaru biyu, kuma lalacewar da takardar ta yarda da ita, kafin masu saye su ci moriyar abin da suka zuba. Kamfanin da rabin kayansa ke mutuwa haka ba zai kai labari a kasuwa ba. Abin da ya rage tsakanin kuɗin da aka tara da gyaran da aka yi, shi ne ribar mai takarda da ladan yaron kantin da ya shawo kan mai saye.

Akwai kuma wani abu da masu ƙera na'urori suka daɗe da sani. Kayan lantarki sun fi lalacewa a lokuta biyu: a makonni da watannin farko, lokacin da kuskuren masana'anta ke bayyana, sai kuma bayan sun tsufa. Tsakanin waɗannan lokuta, na'urar da ta tsallake ƙuruciyarta takan yi aiki lafiya. Lokacin farko, garantin kamfani ya riga ya rufe shi kyauta. Lokacin tsufa kuwa, ƙarin garantin ya riga ya ƙare. Wato ana sayar wa mutum laima ce don watannin da ruwa ya fi ƙaranci.

Ƙasashen da suka riga mu sanin wannan ciniki sun gano haka. A Ingila, hukumar kula da gasa tsakanin ƴan kasuwa ta yi bincike, ta fitar da rahoto a 2003 cewa mai saye ba ya samun damar kwatanta farashin irin wannan garanti, domin a gaban kanta ake tura masa shi lokacin da hankalinsa ke kan sabon kayansa. Daga 2005 aka tilasta wa kantuna rubuta farashin garantin kusa da na kayan, aka kuma bai wa mai saye kwana 45 ya fasa a mayar masa da kuɗinsa. A Amurka, ƙungiyar masu saye da ke buga mujallar Consumer Reports ta shafe shekaru tana ba da shawarar cewa a mafi yawan lokuta gara mutum ya ajiye kuɗinsa. Tarayyar Turai kuwa, tun 1999 ta wajabta garantin doka na shekara biyu a kan sababbin kaya. Saboda haka wanda zai aiko da na'ura daga Faransa ya san cewa shekara biyun farko doka ta riga ta ba shi, kada ya biya abin da yake nasa.

Abin da ke kashe kaya a nan

Wannan lissafin ƙasashen sanyi ke nan, inda wuta ke tsaye dare da rana. A nan gida al'amarin ya fi haka tsanani, domin abokan gaban na'ura a Kance ba su ne waɗanda takardar ta sani ba.

Babbansu ita ce wutar kanta. Yankunan Damagaram da Maraɗi sun dogara ƙwarai a kan layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Kowa ya tuna abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar a watan Agusta, ba ta maido ba sai a Maris 2024. Amma ko a lokacin zaman lafiya, a garuruwan da wutar NIGELEC ta kai, ɗaukewa da dawowa ba abin labari ba ne. Ba ɗaukewar ce ke kisa ba kamar dawowar: wuta ta komo da ƙarfi ta ƙone allon cikin talabijin, ko ta zo da rauni injin firigo ya yi ta nishi har ya ƙone. Ƙaramin janareto da ba ya riƙe ƙarfinsa daidai, shi ma haka yake yi.

Sai zafin Afirilu da Mayu da ke haura digiri 40, wanda ke cinye batir tun kafin lokacinsa. Sai ƙurar hunturu da ke toshe kafofin shan iska na na'ura. Sai tsawar damina da ke biyo waya ko eriya. Sai caja ta jabu da ake saye da araha a bakin tasha. Sai wayar da ta suɓuce daga aljihun mai babur, ko ta faɗa ruwa a lambun rake. Akwai ma na'urar da aka ƙera don wutar Amurka mai ƙarfin 120, aka jona ta a tamu mai 220.

Yanzu mai karatu ya buɗe takardar garanti, ya duba ƙananan rubutun da ke ƙasa. A galibin irin waɗannan takardu, ɓarnar hauhawar wuta, tsawa, ruwa, faɗuwa, fashewar gilashi da tsufan batir duk an cire su, sai fa idan an sayi wata inshora ta haɗari daban. Kuma idan wani mai gyara da kamfani bai amince da shi ba ya taɓa buɗe na'urar, garantin ya faɗi. Wane ne a Kance zai zauna wata guda babu waya, alhali ga mai gyara a bakin kasuwa?

Takarda ba ta tsallake iyaka

Matsala ta biyu ita ce hanya. Kaso mai yawa na kayan lantarkin wannan yanki ta Ɗan Barto yake shigowa, daga Daura da Kano: wayoyi daga kasuwar Farm Centre da titin Beirut, sauran kaya daga Sabon Gari. Faɗuwar darajar naira daga watan Yuni 2023 ta ƙara jawo mai sefa zuwa can. To amma garanti yakan tsaya a ƙasar da aka sayar da kaya, wani lokaci ma a kantin da ya buga hatimi. Talabijin da aka saya a Kano ta mutu a Kance, sai a ɗauke ta a mota, a bi ta duwan, a kai ta, a bar ta, a sake komawa ɗauko ta. Kuɗin mota zuwa da dawowa sau biyu, da kwanakin da aka bar shago ko ofis, sau da yawa sun zarce kuɗin gyaran. Watannin da iyaka ta yi a rufe daga 2023 zuwa 2024 sun nuna cewa akwai ranar da ko mutum ya so zuwa, babu hanya.

Kayan hannu kuwa, waɗanda aka yi amfani da su a Turai kafin su iso mu, ba su da garantin kamfani ko kaɗan. Abin da ke tsare mai sayensu shi ne tsohuwar al'adarmu ta kasuwa: a gwada a gabanka, a ba ka kwana uku ko mako guda, in ta ba da matsala ka maido. Wannan alkawarin baki, idan ya fito daga ɗan kasuwar da ake sallar Juma'a tare da shi, wanda aka san gidansa da mahaifinsa, yakan fi takardar kamfanin da ke nesa nauyi. Rauninsa guda ne: ranar da aka yi musu, babu shaida.

Inda biyan ke da ma'ana

Ba a ce ko'ina asara ba ce. Mai sayar da ƙanƙara ko ruwan sanyi da firigonsa ne jarinsa, ko mai shagon buga takardu da abincinsa ke kan kwamfuta da injin kwafi, kwana goma babu aiki babbar hasara ce gare shi. Irin wannan yana iya biyan yarjejeniyar gyara, bisa sharaɗi uku: mai takardar yana da wurin gyara a Damagaram ko kusa, an rubuta kwana nawa gyara zai ɗauka, an kuma rubuta ƙarara cewa ɓarnar wuta tana ciki.

Haka nan kayan wutar rana. Ƙa'idar ingancin da shirin Lighting Global na Bankin Duniya ya shimfiɗa, wadda VeraSol ke kula da ita yanzu, ta buƙaci garantin aƙalla shekara guda ga ƙananan fitilu, da shekara biyu ga na'urorin gida. Mai saye ya tambayi wannan tun kafin ciniki. Kada kuma shekara 25 da ake rubutawa a kwalin faranti ta ruɗe shi: wannan alkawari ne a kan farantin kaɗai, batir kuwa, wanda shi ne ke fara gajiya, nasa wa'adin gajere ne ƙwarai.

Ina ya kamata kuɗin su tafi?

Jika 15 ɗin misalinmu suna da wuraren zuwa da suka fi aljihun mai kanti. Na farko, na'urar daidaita wuta, wadda muke kira regilater, mutanen Kano kuma sitabilaiza. Ga firigo, a nemi mai jinkirta kunnawa na ƴan mintoci bayan wuta ta dawo. Na biyu, caja ta asali da rigar waya da gilashin kariya. Abin da ya saura a ajiye shi, ko a zuba a adashi, domin ranar gyara. Idan ranar ba ta zo ba, kuɗin na mai su ne. Cire filogi idan an ɗauke wuta ko hadari ya taso, da rufe na'ura da ƙyalle lokacin hunturu, ba sa cin ko dala.

Sai abu mafi muhimmanci, wanda jama'armu suka fi sakaci da shi: faktir. A karɓi takardar ciniki mai kwanan wata, da sunan kanti, da lambar na'ura. Idan waya ce, a rubuta lambar IMEI, wadda ke fitowa idan an danna *#06#. Idan mai shago ya yi alkawarin mako guda, ya rubuta shi a bayan takardar ya sa hannu. Ba tare da ita ba, garantin doka da na kamfani duk sun zama labari.

Ga ƴan kasuwarmu kuma akwai abin dubawa. Wanda ya fara ba da faktir, ya rubuta wa'adin gwaji, ya kuma haɗa kai da ƙwararren mai gyara a Matamaye, zai janye masu sayen da ke wahalar zuwa Kano. Garantin da mutumin Kance ke bukata shi ne wanda zai iya takawa da ƙafa ya je ya karɓa. Wanda ya wuce haka, a karanta shi layi-layi kafin a sa hannu a aljihu.