Guza da Ɗan Kwaɗon Kududdufi: Babba Na Rayuwa da Arzikin Ƙarami

Da zarar ruwan Yuni ya sauka a ƙasar Dutse, fadamun Kiyawa da Jahun da bakin madatsar ruwa ta Warwade sukan cika da kukan kwaɗi. A nan guza ke kiwo. Duk cikin dangin ƙadangare na Afirka babu mai tsawonsa, domin babba yakan kai mita 2. Gwanin iyo ne, ba kamar ɗan'uwansa damo sarkin haƙuri ba, wanda ya fi son tudu. A gefen guza kuma akwai ɗan kwaɗon kududdufi da masana ke kira Phrynobatrachus, wanda yawanci tsawonsa bai wuce santimita 3 ba, kwatankwacin kan babban yatsa.

Bambancinsu na asali a fata yake. Fatar guza kaurara ce mai riƙe ruwan jiki, shi ya sa yake shanya kansa a rana hankali kwance. Ta kwaɗo kuwa sirirya ce mai danshi, da ita yake shan ruwa, da ita yake wani ɓangare na numfashinsa. Duk gubar da ta shiga kududdufi, jikinsa take fara ratsawa.

Wajen haihuwa ma kowa da dabararsa. Macen guza takan fasa suri da damina, ta zuba ƙwai da kan kai 60, ta yi tafiyarta. Gara ce ke liƙe ɓarakar, ɗumin surin da danshinsa su reni ƙwan tsawon watanni. Kwaɗo ba shi da wannan sarari. Ƙwansa kan ruwa yake yawo, kuma tilas talibambam ya fitar da ƙafafu cikin 'yan makonni kafin kududdufin ya ƙafe.

Mai ganin girman guza zai ɗauka shi ke riƙe da fadama. Amma kwaɗi na cikin abincinsa, tare da kifi da dodon koɗi, su kuma kwaɗin ƙwari suke ci. In maganin feshi ya gangara daga gonar shinkafa, ko aka cike kududdufi don yanka filaye, ƙaramin ne ke fara ɓacewa, yunwa ta bi babban. Ga kuma mafarautan guza, saboda nama da fatar da ake rufe ƙoƙon goge da ita. Tun 1975 yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikin fatar guza tsakanin ƙasashe, amma babu mai ƙirga kwaɗin bayan gari.

Wannan aiki ne da ya dace da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse: su riƙa bin kududdufai kowace damina suna rubuta abin da ke ciki. Manomi kuma ya daina wanke tulun feshi a ruwan fadama, hukuma ta keɓe wasu kududdufai kafin gini ya cinye su.