Baƙuwar Da Ba Ta Jin Hausa A Ƙasar Mafara

A wannan fitowar na ajiye alƙalamin soyayya gefe guda, domin in yi maku zancen wasu mata da muke zaune da su amma ba mu cika lura da halin da suke ciki ba, wato matan da aure ko aiki ya kawo su ƙasarmu ba su jin ko "zo in kashe ki" da Hausa.

Duk wanda ya san Talatar Mafara da Bakura da Maradun ya san madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya fara ginawa a 1974 aka gama a 1978. Wannan aiki ya jawo baƙi da yawa, Yarabawa da Inyamurai da sauransu, daga baya ga malaman kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau, ga nas-nas, ga 'yan bautar ƙasa. Mazan ba su da matsala sosai, domin kullum suna tasha ko gareji ko bakin kasuwa, kafin shekara ta zagayo sai ki ji Hausa ta zauna a bakinsu. Matar kuwa tana gida da 'ya'ya, ba ta da abokin hira sai rediyo, shi kuwa rediyo ba ya gyara wa mutum kuskure.

Abin da ya fi ɗaure masu kai shi ne "kai" da "ke". Yarabanci da Inyamuranci ba su raba namiji da mace a irin wannan wuri, shi ya sa za ki ji baiwar Allah ta dubi dattijo mai furfura ta ce masa "ke", 'yan kasuwa su kwashe da dariya, ita kuwa kunya ta rufe ta, gobe sai dai ta aiki yaro. Ga ƙ da ɗ da ɓ da harshenta bai saba da su ba. In ma ta koyi Hausar littafi, tana sauka kasuwar Talata sai ta tarar da wata Hausar daban: "mi" maimakon "me", "munka" maimakon "muka", "wanga" da "wagga", ga "biyat", ga ashirin da ta koma "murtala". Mai tumatir ya ce mata "albarka" ta ɗauka addu'a yake mata, alhali cewa yake bai sayar ba.

Wannan duk mai sauƙi ne, hasarar 'yan nairori ce. Ku dubi nas da aka turo ɗakin awo ko na haihuwa. Mu matan Hausawa ba ma faɗin abin da ke damunmu kai tsaye, kunya ba ta bari. Sai mu ce "baƙon wata ya ɗauke", ko "juna biyu", ko "marata ce", wata ma ko sunan mijinta ba za ta faɗa ba balle na ɗan fari. In nas ba ta san wannan zaurancen ba, me za ta rubuta a kati? Sai a nemo tafinta, wani lokacin namiji, wani lokacin ƙaramin yaro, to wace mace ce za ta buɗe cikinta a gabansu? Shiru za ta yi wallahi, ta koma gida da ciwonta.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne. A ƙasar Sifen akwai 'yan ƙasar Sin wajen 200,000, da yawansu daga gundumar Cintiyan ta lardin Jejiyan suka fito, har unguwar Usera ta birnin Madrid ta yi suna da su. Matansu suna wuni a kantuna da gidajen abinci na danginsu, sai 'ya'yansu 'yan makaranta ke yi masu tafinta wajen likita. Sifaniyanci kuma kamar Hausa yake, kowane suna ko namiji ne ko mace, har ma mafi yawan masu ƙarewa da "a" mata ne, Sinanci kuwa babu ruwansa da haka. Amma can akwai azuzuwan manya da hukumomi da ƙungiyoyi ke buɗewa don baƙi. Abin mamaki, 'yan Sin ɗin nan tun 1963 suke watsa shiri da Hausa a rediyonsu.

Mu nan ajinmu shi ne tsakar gida, inda namiji ba ya shiga. Akwai wata Bayerabiya mai sayar da robobi a layinmu, mahaifiyata ce ta dinga janta gidan suna da gidan gaisuwa, tana raɗa mata inda ake cewa "Allah ya raya" da inda ake cewa "ya haƙuri", ta kuma sa ta a adashinsu. Yanzu kowa Iya yake ce mata, har bashi take bayarwa cikin gidaje, ranar Talata ta bi tana karɓa. Har yau takan ce wa babanmu "ke", shi kuma ya amsa.