Shaihu Umar a Tsakar Gida

'Yar'uwa, ko kin karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka fara bugawa a 1934? Maza malantar Umar suke yabo, amma mu mata in mun haɗu, zancen uwarsa muke yi: yadda ta bi sawun ɗanta har Murzuk, ta faɗa bauta, ba su sadu ba sai tana gab da rasuwa. Waɗansu su ce ganganci ne. Ni dai ina bayanta.

Kada tsada ta hana ki. In maigida zai kai shinkafa ko tumatir Kano daga Kura ko Bunkure, roƙe shi ya duba wajen masu tsofaffin littattafai a Sabon Gari, ya taya. Ya lura da shafukan ƙarshe, su ne sukan ɓalle.