Tun Ran Gini Ran Zane: Tsakanin Mai Gida Da Mai Zanen Gini

Duk wanda ya nazarci harshe ya san cewa kalma ba ta tafiya ita kaɗai, tana ɗauke da rayuwar mutanen da suka ƙirƙire ta. Idan Bahaushe ya ce zaure, ko shigifa, ko turaka, ko tsakar gida, to yana bayyana iyakar inda baƙo zai tsaya ne, da inda mai gida zai kaɗaita, da inda mata za su sake ba tare da idon waje ya kai gare su ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau shi ne yadda waɗannan kalmomi suke salwanta a hannun wasu masu zanen gini na zamani, waɗanda muke kira akitek, kuma idan kalmar ta salwanta sai tsarin gidan ya bi ta.

Mai karatu, dubi zaure. Magina na da ba sa jera ƙofar shigarsa da ta fitarsa a kan layi ɗaya, sai su karkatar da su, domin wanda ke zaune a ciki kada ya hangi cikin gida. Katangarsa ta tubali mai kauri ce, tana shanye zafin rana ta sake shi da dare. Ita kuwa kalmar falo aro muka yi daga Turanci, kuma ɗaki ne da aka tsara wa mutanen da baƙonsu ke shiga har tsakiyar iyali. Wanda ya fassara zaure da falo ya yi kuskuren fassara, kuma irin wannan kuskure da bulo da siminti ake rubuta shi, saboda haka gogewarsa sai da guduma.

Na ga haka da idona lokacin da muka tashi gyaran gidan da muka gada a cikin birnin Kano. Buƙatarmu ba ta da yawa: a sake rufi, a ƙara ɗakuna biyu da makewayi, a bar zaure da tsakar gida yadda suke. Na samu wani akitek, na yi masa bayani dalla-dalla, na biya kuɗin zane. Sau ɗaya ya tako gidan, sauran awo yaronsa ya turo. Bayan makonni ya nuna mini hoto a kwamfuta, gida ga shi nan fes, da ciyawa kore shar da mota a ƙofa, amma zaure ya zama falo, an rufe rabin tsakar gida, an kuma dasa manyan tagogin gilashi suna fuskantar yamma. Na ce ban amince ba, ya yi alkawarin gyarawa. Taswirar da aka gyara ba ta taɓa isa hannun magina ba, tsohuwar ya miƙa musu, kuma kafin in dawo daga wata tafiyar aiki an riga an kai gini linta. Da dattijon maginin ya ja hankalinsa a kan ƙofar da ke kallon madafi kai tsaye, sai ya ce masa ya bi abin da ke takarda.

Sakamakon ke nan a yau: baƙo na zaune yana kallon mai tuƙa tuwo, dole muka rataya labule inda da hikimar gini ce ke yin sutura. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ɗakunan yamma ba sa zaunuwa daga la'asar idan babu wutar lantarki. Ranar suna ko biki babu inda za a kafa murhu a ɗora babbar tukunya. Kuɗin rushe wani sashe da sake shi kuwa ya faɗo a shekarar 2024, daidai lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000.

Abin takaicin shi ne ƙasar nan ba ta rasa magabata a wannan fanni ba. Gidan Rumfa yana tsaye a Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19, da ƙasa da azara, kuma bakan gizo da ɗaurin gugan da ya yi har yanzu masana na nazarinsu. A Jamhuriyar Nijar, Alhaji Falke Barmu ya fara ginin masallacin Yama a 1962, kuma ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ko a 2018 an kammala cibiyar Hikma a garin Dandaji, inda Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa, tare da maginan yankin. Wannan ya nuna ilimin zamani da na gargajiya suna iya zama a inuwa ɗaya.

Bugu da ƙari, sashen koyar da zanen gini mafi daɗewa a Nijeriya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yake, tafiyar 'yan mintoci daga masallacin Babban Gwani. Baƙi irin su Dmochowski, wanda ya assasa gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, da Moughtin, wanda ya wallafa littafi a kan ginin Hausa a 1985, sun ɓata shekaru suna auna soraye da zaurukanmu. To me zai sa ɗan gida ya kammala karatu yana ganin zaure a matsayin ɓarnar fili?

Ba na yi wa masu wannan sana'a kuɗin goro, akwai ƙwararru masu sauraro a cikinsu. Amma ga mai niyyar gyaran gida ina da shawara. Da farko ya tabbatar mutumin yana da rajista da hukumar ARCON, wadda dokar 1969 ta kafa domin tantance masu zanen gini. Na biyu, a rubuta yarjejeniya da ta fayyace sau nawa zai ziyarci aiki, kuma kada magini ya taɓa taswirar da babu sa hannun mai gida a kanta. Na uku, kafin a haƙa tushe a shata ɗakunan a ƙasa da toka, a kira matan gida su taka su gani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ma malaman harshe akwai aiki a gabanmu. Ya kamata sassan Hausa da na zanen gini a jami'o'inmu su haɗa hannu su tattara kalmomin gini daga bakin Sarakunan Magina, tun daga makuba da zanko har zuwa indararo, a koyar da su tare da dalilin kowannensu, tun dattijan da suka san su suna raye. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma albarkaci muhallanmu.