Superman na telebijin: rigar da ta ɗaukaka George Reeves, ta kuma ɗaure shi

Cikin watan Satumba na shekara ta 1952, wani gidan telebijin na birnin Shikago, a ƙasar Amurka, ya soma nuna wani wasa mai suna Adventures of Superman, wato labarun Superman. Kowane kashi ba ya wuce rabin awa. Hoton baƙi da fari ne, akwatunan kallo na lokacin kuwa ƙanana ne ƙwarai. Amma ba a jima ba wasan ya game ƙasar, har ya zama in lokacinsa ya yi, yara sukan bar wasan waje su ruga gida. An ci gaba da shi har shekara ta 1958, aka yi kashi 104. Yaran da suka fara kallonsa yau sun tsufa, sun yi jikoki. Duk da haka, in aka ambaci Superman a gabansu, fuskar mutum ɗaya ce take zo musu: George Reeves.

Shi Superman ba a telebijin aka haife shi ba. Wasu samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, su suka ƙago shi. Ya fito cikin littafin zane a shekara ta 1938, bayan samarin sun sayar da shi baki ɗaya a kan dalar Amurka 130. Daga nan ya shiga rediyo a 1940, ya shiga sinima da ɗan wasa na jiki a 1948. Labarin kuwa sananne ne: jariri ne da aka aiko daga wata duniya mai suna Krypton gab da halakarta, wasu manoma suka tsince shi suka rene shi. Da ya girma sai ya tafi birnin Metropolis, ya kama aikin jarida da sunan Clark Kent, yana ɓoye ƙarfinsa a bayan tabarau da kwat.

Wanda ya kalli wasan yau zai gane nan da nan cewa da kuɗi kaɗan aka yi shi. In Superman zai tashi sama, sai Reeves ya sheƙo da gudu, ya taka wani katako mai tsalle da aka ɓoye ƙasan hoto, ya faɗa ta taga, ya sauka bisa katifa. Da fari an gwada rataye shi da waya, amma wata rana wayar ta tsinke, ya faɗo. Hoton tafiyarsa cikin iska kuwa, kusan guda ne ake maimaitawa mako bayan mako. Ƴan wasan ba su cika sake tufafi ba, sabili da akan ɗauki dukan zaman da za a yi cikin buron shugaban jarida, na kashi da yawa, a lokaci guda. Saboda haka sau da yawa ɗan wasa yana faɗin magana bai san ko ta wane labari ce ba. Ita kanta rigar Superman ta shekarun farko ba shuɗi da ja ba ce. Toka-toka ce da ruwan ƙasa, don su ne suke fitowa da kyau a hoton baƙi da fari. Akwai kuma wani abin dariya da tsofaffin masu kallo ba su mancewa: ɓarawo ya harbi Superman har harsashi ya ƙare, duk ya tsaya ƙyam, amma da ɓarawon ya jefo shi da bindigar, sai ya sunkuya. Harsashin na ƙarya ne, bindigar kuwa ƙarfe ce ta gaske.

To, da yake kayan aikin haka suke, me ya riƙe wasan? Mutumin da ke cikin rigar. An haifi George Reeves a jihar Iowa a 1914. Ya fito a babban fim ɗin nan na 1939, Gone with the Wind, cikin samari biyu da ke zance da tauraruwar tun a farkon fim. Hanya ta soma buɗe masa, sai yaƙin duniya na biyu ya zo, aka ɗauke shi soja a 1943. Da ya komo, ya tarar an ci kasuwa ba da shi ba. Yana da shekara 37 ya karɓi aikin Superman, ba don yana so ba, don a lokacin manyan ƴan wasa suna raina telebijin.

Gwanintarsa ba wajen tashi sama take ba, wajen zama Clark Kent take. Wasu da suka ɗauki wannan matsayi sun mai da ɗan jaridar wawa, mai tsoro, mai tuntuɓe da ƙafarsa. Reeves bai yi haka ba. Nasa Clark Kent dattijo ne mai natsuwa, mai bin diddigin labari, wanda insifekta Henderson na ƴan sanda yake sauraron shawararsa. Ba ya ɗaga murya. In abokan aikinsa sun zolaye shi cewa kullum ba ya nan in Superman ya zo, sai ya yi murmushi, wani lokaci ya juyo ya ƙyafta wa masu kallo ido. Wannan ƙyaftawar ido ita ta sace zukatan yara: duk mutanen Metropolis ba su san asirin ba, amma yaron da ke zaune gaban akwati ya sani. A gefensa akwai Lois Lane, wadda Phyllis Coates ta fara yi, mace mai kaifin baki da ba ta jira a cece ta ba tare da ta yi kokawa ba. Daga baya Noel Neill ta karɓa, da sanyin hali. Akwai Jack Larson a matsayin yaro Jimmy Olsen, mai faɗawa cikin kowane rami, da John Hamilton a matsayin shugaban jarida Perry White, mai faɗa kamar ya ari baki.

Labarin da ya fi nuna halin wannan Superman shi ne na farkon da aka ɗauka, a 1951, wanda aka fara nunawa a sinima kafin a raba shi biyu a telebijin. An haƙa rijiyar mai mai zurfi a wani ƙaramin gari, sai wasu ƙananan halittu suka fito daga ƙarƙashin ƙasa. Ba su zo da mugunta ba, amma tsoro ya kama gari, mutane suka ɗauki bindigogi da karnuka suka bi su. Aka harbi ɗaya. Superman ya kai shi gidan likita, ya tsaya a bakin ƙofa shi kaɗai, ya tare taron da ya zo ƙarasa shi, ya karɓe bindigoginsu. Da ƴan'uwan halittar suka komo da makami don ramuwa, sai ya shiga tsakani ya kare jagoran taron da jikinsa. Makamin nan, in an duba da kyau, injin share ƙura ne aka yi wa kwaskwarima. Amma ba wanda ya kalli tsayuwar Reeves a bakin ƙofar nan ya damu da injin.

Kashi 26 na farko suna da duhu da zafi, kamar fina-finan ƴan fashi na zamanin. A ɗaya daga ciki, wani mutum da wata mata sun gano asirin Clark Kent. Superman ya kai su ƙwanƙolin wani dutse mai ƙanƙara ya ce su jira shi, suka yi ƙoƙarin sauka, suka faɗo suka mutu. Da kamfanin Kellogg's, mai sayar da abincin karin kumallo na yara, ya zama shi ke biyan kuɗin wasan, kuma Whitney Ellsworth ya karɓi ragamar shiryawa, sai aka rage zubar da jini, aka ƙara raha. Masu kallo har yanzu suna gardama kan wanne ya fi. Gaskiya dai, kashi na ƙarshe-ƙarshe wasu sun yi sakwa-sakwa, ɓarayin cikinsu sun koma abin dariya. Amma a tsakiyar nan, 1953 zuwa 1954, aka yi mafi kyau. Akwai wanda wani ƙaton dutse daga sama ya nufo duniya, Superman ya yi karo da shi, ya faɗo ya mance ko shi wane ne. Akwai kuma na yarinyar nan makauniya da ba ta yarda akwai Superman ba. Da idonsa mai ratsa jiki ya hango ɗan gilashi da ya danne jijiyar ganinta, likita ya cire, sannan ya ɗauke ta ya kewaya duniya da ita.

Daga 1954 aka soma ɗaukar wasan da launi, ko da yake kusan ba gidan da ke da akwati mai launi a lokacin. Sai a 1965 jama'a suka gan shi da launinsa. Wannan hangen nesa ya sa aka yi ta maimaita shi shekara da shekaru, har ƴaƴan masu kallon farko suka taso suka same shi.

Shi kuwa Reeves, rigar ta zame masa ƙaya. Ya kiyaye amanar yara, har ba ya yarda su gan shi da taba a hannu. Amma masu shirya fim sun daina ganin ɗan wasa, sai Superman. A babban fim ɗin From Here to Eternity na 1953, ɗan ƙaramin matsayi kawai ya samu. Da aka gayyace shi wasan barkwanci na I Love Lucy a 1957, da rigar ya zo. Ya soma neman wata hanya, shi ya ba da umarni a kashi uku na ƙarshe, yana fatan ya koma bayan kamara.

Ran 16 ga watan Yuni 1959, aka same shi a ɗakin kwanansa, a gidansa na Los Angeles, harsashi a kai. Shekarunsa 45. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa. Mahaifiyarsa ba ta yarda ba, ta sa aka sake bincike, kuma gardamar ba ta mutu ba, har aka yi fim a kanta a 2006. A lokacin ana shirin ɗaukar sababbin kashi, ko da yake John Hamilton ya riga ya rasu a 1958. Da mutuwar Reeves shirin ya tsaya.

A 1978, da aka yi babban fim ɗin Superman da Christopher Reeve, wanda sunansa ya yi kama da na Reeves amma ba dangi ba ne, an tuna da tsofaffin. Akwai wurin da jirgin ƙasa ke wucewa, wata ƙaramar yarinya ta leƙo ta taga ta ga saurayi Clark Kent yana tsere da jirgin. Matar da ke zaune kusa da ita a matsayin uwa, Noel Neill ce. Ta rasu a 2016, shekara ɗaya bayan Jack Larson. Phyllis Coates ta bi su a 2023.