Boyin Otal Da 'Yar Mai Otal

A watan Oktoba na 1911 babu wanda zai yi tsammanin boyi zai ɗaga ido ya dubi 'yar maigidansa a ƙasar Sifen, balle ya ce yana sonta. Shekara ɗari bayan haka, watau a Oktoban 2011, gidan talabijin na Antena 3 ya fara nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Gran Hotel, ma'ana Babban Otal, wanda aka gina a kan wannan magana. An yi shi kashi 39, ya ƙare a 2013.

Labarin ya faru ne a farkon ƙarni na 20, zamanin Sarki Alfonso na 13, a wani gari na ƙage da aka kira Cantaloa. Wani saurayi ɗan talakawa, Julio Olmedo, ya hau jirgin ƙasa ya zo ganin 'yar'uwarsa Cristina da ke aikatau a otal ɗin, sai ya tarar ba ta nan. Aka ce masa wai sata ta yi aka kore ta. Bai yarda ba. Ya sake suna, ya karɓi aikin kai wa baƙi abinci don ya binciko gaskiya, a nan kuwa ya haɗu da Alicia Alarcón, 'yar masu otal ɗin, wadda uwarta Doña Teresa ta riga ta ba manajan otal, Diego Murquía.

To, soyayyar talaka da 'yar masu kuɗi ba sabon labari ba ne, an sha ji. Abin da ya sa wannan ya fita daban shi ne yadda ya nuna cewa katangar da ke tsakaninsu ba ta jini ba ce. Ran da Julio ya ajiye tire ya sa kwat irin ta manya ya shiga cikin baƙi, ba wanda ya tuhume shi, har Alicia ma ta ɗauka wani ɗan babban gida ne. Da ya mai da rigar aiki, mutanen nan ba su ko dubi fuskarsa ba. Duk wanda ya taɓa aiki a gidan wani babba, yana shiga ta ƙofar baya, ya san irin wannan kallo da ake yi wa mutum kamar ba ya wurin.

Maganar abokinsa Andrés ta fi ban tausayi. Shi ma boyi ne, ɗan Ángela shugabar 'yan aiki mata, ya tashi yana rusuna wa 'ya'yan gidan. Ashe marigayi Don Carlos, mai otal ɗin, shi ne ubansa. Akwai wasiƙar da ta tabbatar da haka, ita ce ta faɗa hannun Cristina, ita ce kuma ta jawo mata wuƙa a daren da otal ɗin ke bikin kunna wutar lantarki. Doña Teresa ta gwammace a yi ko mene ne da a ce ɗan 'yar aiki ya ci gadon mijinta. Saboda neman magaji namiji har aka shirya wa babbar 'yarta Sofía cikin ƙarya, aka ɗauko jaririn wata 'yar aiki aka ce nata ne. Watau jinin talaka ba ya da laifi in dai manya ne suka zaɓi inda za su sa shi.

Mai kallo na iya cewa, me ya hana Alicia ta rabu da Diego bayan an ɗaura auren? Doka ce ta hana. A lokacin babu saki a Sifen sam. Sai a 1932 aka halatta shi, gwamnatin Janar Franco ta soke a 1939, bai dawo ba sai 1981. Dokar zaman jama'a ta 1889 ta ɗora wa mace biyayya ga miji, ba ta da ikon sayar da dukiyarta ko ƙulla ciniki sai da izninsa, wannan kuwa bai kau ba sai 1975. Kazalika dokar laifuffuka ta 1870 ta ce mijin da ya kama matarsa da kwarto ya kashe ta, hukuncinsa kora ce kawai daga gari. Saboda haka duk sa'ad da Alicia ta saci jiki ta gana da Julio, da ranta take caca, shi kuwa Diego ga dukiyar otal a hannunsa, ga doka a bayansa.

Wasan ba ya rasa aibi. Kashe-kashe sun yi yawa, har ɗan sandan ciki Ayala ba ya gama da wata gawa sai an tsinci wata, wanda aka ce ya mutu kuma sai a gan shi ya dawo. Amma Adriana Ozores da ta fito a Doña Teresa, da Concha Velasco da ta fito a Ángela, sun riƙe wasan: mata biyu da suka haihu da mutum ɗaya, ɗaya tana ba da umurni, ɗaya tana cewa to.

Ginin da ake gani a matsayin otal ɗin fadar Magdalena ce a birnin Santander, bakin teku, inda Sarki Alfonso da iyalinsa suka riƙa hutun bazara daga 1913 zuwa 1930. Ƙasashe da dama sun sake yin wasan da harshensu. Misira ta yi nata a azumin 2016, ta mai da otal ɗin Aswan a bakin kogin Nilu cikin shekarun 1950, ba ta kuwa bukaci sauya ko ƙofar bayan ba.